Wasiƙa Daga Alƙahira: Bahago da Bindigar Masu Dama



Kusan mutum ɗaya cikin kowane goma a duniya bahago ne, amma yawancin kayan aikin da muke ɗauka kullum don mai dama aka ƙera su. Almakashin tela, mabuɗin gwangwani, kujerar aji mai ɗan allon rubutu a gefe guda. A waɗannan dai wahala ce kawai, yatsa ya yi kanta, wuya ya sage, a saba. Amma akwai kayan aiki guda wanda idan bai dace da hannun mai riƙe da shi ba, ido ake rasawa, wani lokaci ma rai. Bindiga ke nan.

Abin da ya jawo maganar, wasiƙa ce daga wani mai bibiyar wannan shafi da ke aiki a Jidda. Ƙaninsa na cikin matasan da aka ɗauka aikin tsaron ƙauyuka a wata jiha ta arewa maso yammacin Nijeriya, an ba shi bindigar nan da ake kira fam-akshan, shi kuwa bahago ne. Duk sanda ya yi harbi a wurin horo, sai kwanson harsashi ya gifta ta gaban fuskarsa, sannan yatsansa ba ya kaiwa ga makullin kunama sai ya saki riƙo. Mai horar da su ya ce masa ya koma dama kamar kowa. Shi kuma yayan yana tambaya: ya sayi wani ƙarfe ya aika a sauya masa, ko ya bar shi ya bi maganar malaminsa?

Wani zai ce wannan matsalar mutum ɗaya ce. Ba haka ba ne. Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, kuma tun 2014 muka ga yadda mafarautan Adamawa suka shiga yaƙin ƙwato Mubi. Ga 'yan banga, ga maharba na gado. In aka ɗauki mutum dubu, to a sa rai wajen ɗari daga cikinsu hagu ce hannunsu na asali, ko da an hana su nunawa tun suna yara.

Dalilin da ya sa nake da abin cewa daga Alƙahira shi ne, a nan harbi da bindigar farauta wasa ne mai tsari da tarihi. Nadis Said, wato kulob ɗin maharba da ke unguwar Duƙƙi, tun 1939 aka kafa shi, zamanin Sarki Faruk. Alƙahira ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta harbin faifan yumɓu a 2021 da kuma 2023. A 2022 wani Bamisire, Azmy Mehelba, ya zama zakaran duniya a ɓangaren da ake kira iskit, a birnin Osijek na ƙasar Kuroshiya. A wannan wasa na'ura ce ke cillo faifai mai faɗin santimita 11, maharbi ya kakkaɓo shi a sama, kuma faifai 125 ake harbi kafin a tace waɗanda za su shiga zagayen ƙarshe. Wanda ya kuskure uku ko huɗu sau da yawa ya yi ban kwana da gasar. Mutanen da ƙaramin kuskure ke raba su da lambar zinare ba sa wasa da batun dacewar bindiga da jiki. Ni ɗan kallo ne, ba maharbi ba, amma ɗan kallo mai yawan tambaya.

Kafin in ci gaba, hannunka mai sanda ga ɗalibanmu na Madinatul Bu'us da Hayyul Ashir. Wannan bindiga Misirawa "khartush" suke ce mata, kuma kalma ce mai nauyi a bakinsu. Tun 2011, lokacin da mutane da dama suka rasa idanu sakamakon ƙwayoyinta a titin Muhammad Mahmud da kewayen dandalin Tahrir, ba a ambatonta da wasa. Doka mai lamba 394 ta 1954 ta hana mallakarta ba tare da lasisi ba, hukuncin kuwa ɗauri ne. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba shi da hurumin taɓa ta, ko ajiya aka ba shi. Ilimin dai muke ɗauka mu kai gida.

To, mene ne ainihin abin da ke damun bahago a jikin bindiga?

Na farko, kuma mafi haɗari, makullin kunama. Wani ɗan maɓalli ne da ke hana kunama motsi har sai an buɗe shi. A bindigogi da yawa, misali Remington 870 da aka fara sayarwa a 1950 da kuma ɗimbin waɗanda suka kwaikwaye ta, maɓallin yana kwance ne a gicciye kusa da kunama. Mai dama yana tura shi da ɗan alinsa daga dama zuwa hagu, a ƙiftawar ido, yatsan ya zarce kan kunama. Bahago kuwa yatsansa na ɗaya gefen. Sai ya zagayo ta ƙasa, ko ya sassauta riƙo, ko ya karkata bindigar. Wannan jinkiri na daƙiƙa ɗaya ko biyu ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne dabarar da bahago ke ƙirƙiro wa kansa: ya buɗe makullin tun daga gida ya bar shi a buɗe. Ka ƙiyasta mutum a bayan babur, kan hanya mai gargada, da bindiga a ɗane a buɗe, abokinsa na gabansa. Ko mutum goma a jere cikin duhu, ɗaya ya yi tuntuɓe. Ba a rubuta irin wannan a takardar asibiti da sunan "matsalar bahago", sai a ce tsautsayi ne.

Masu ƙera bindiga sun daɗe da sanin maganin. Mossberg 500, wadda ta fito a farkon shekarun 1960, makullinta a sama yake, a bayan gangar jikin, inda babban yatsa ke kaiwa ko da wane hannu ka riƙe. Haka yawancin bindigogi masu baki biyu. Wasu kamfanonin Italiya, irin su Beretta, suna yin maɓallin gicciye da za a iya juya shi ya koma na hagu. Ita kanta Remington ta yi 870 ta bahagwai, komai nata a juye.

Na biyu, ƙofar da kwanso ke fita. A yawancin fam-akshan da masu sarrafa kansu, ƙofar a dama take. Ga mai dama, kwanso ya yi waje ke nan, nesa da shi. Ga bahago, ta gaban hancinsa zai wuce. Kwanson kansa ba kasafai yake jin wa mutum ciwo ba, ya fi razanarwa, amma razanar kan sa mutum ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama, wanda ya runtse ido kuwa ya bar saiti. Abin da ya fi cutarwa shi ne ɓurɓushin albarushi da hayaƙi mai zafi da ke biyo baya, musamman a masu sarrafa kansu, da kuma ranar da aka yi rashin sa'a harsashi marar kyau ya fashe a ciki, domin ta wannan ƙofa iskar za ta nemi mafita. Nan ma akwai tsohuwar mafita: Ithaca 37, wadda lambarta ke nuna shekarar fitowarta, 1937, ta ƙasa take zubar da kwanso, a gaban ƙafafun mai harbi. Browning BPS ta haɗa biyun, makulli a sama, kwanso ta ƙasa. Ba ruwanta da wane ne ya ɗauke ta.

Na uku shi ne wanda mutane ba sa gani, wato katakon da ake jinginawa a kafaɗa. In ka ɗaga bindiga mai kyau ka dube ta daga baya, za ka ga katakon ba a miƙe yake sak ba, an ɗan karkatar da shi gefe da 'yan milimita kaɗan, don idon mai harbi ya faɗa daidai kan layin bakin bindiga ba tare da ya lanƙwasa wuya ba. Karkatar da aka yi wa mai dama, ga bahago kishiya ce. Tana tura kumatunsa waje, ta dake shi a muƙamuƙi duk harbi, ta kai ƙwayoyin gefe. Maƙeran Landan tun ƙarni na 19 suke da wata bindigar gwaji mai gaɓoɓi, a yi ta juya ta har ta zauna a jikin mai saye, sannan a sassaƙa masa tasa a kan wannan awo, kamar yadda tela ke gwada ka kafin ya yanka shadda. Katakon da aka riga aka yi ma ana iya gasa shi da mai mai zafi a lanƙwasa shi a hankali. Na zamani kuwa sukan zo da 'yan faranti sirara da ake sa wa tsakanin katako da ƙarfe, a juya su dama ko hagu. A filin gasa za ka ga bindigogin da aka yi wa matashin kumatu mai hawa da sauka, kowa da awonsa.

Yanzu ga inda nake ganin malamin horon nan da yayan duka ba su kai ga tushen maganar ba. Dukansu hannu suke kallo. Su kuwa masu koyar da harbi, ido suke fara dubawa.

Kowane mutum yana da ido ɗaya da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi wajen nuna wuri. Kusan kashi biyu cikin uku na mutane idon dama ne, saura kuwa yawancinsu na hagu. Lura da lissafin: bahagwai kashi ɗaya ne cikin goma, amma masu idon hagu sun kusa kashi uku cikin goma. Ma'ana akwai mutane da yawa masu cin tuwo da dama, masu rubutu da dama, amma idonsu na hagu ne ke jagora. Akwai kuma bahagon da idonsa na dama ne. Bindigar farauta ba ta da saitin baya irin na bindigar soja, idonka shi ne saitin bayan, ɗan ƙullin da ke bakin bindiga shi ne na gaba, kuma da ido biyu a buɗe ake harbi. In ka jingina a kafaɗar dama alhali idon hagu ne ke jagora, layin ya karkace. Tsakanin idanu biyu akwai wajen santimita 6, daga ido zuwa bakin bindiga akwai wajen mita ɗaya. Abin da ke nesa da mita 30, za ka kauce masa da kusan mita biyu ta hagu, kana rantsuwa a kansa ka saita. A filin wasa faifai ne ya tsira. A bakin gari, mita biyu ita ce tazarar da ke tsakanin wanda ka nufa da wanda ba ka nufa ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka miƙa hannu biyu, ka haɗa yatsu su bar 'yar kafa, ka dubi wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe. Rufe na hagu. In abin na nan, idon dama ne jagoranka. In ya ɓace, na hagu ne. Gwada yanzu kana karantawa, wataƙila ka sha mamaki.

Saboda haka amsata ga ɗan'uwanmu na Jidda ita ce, ƙaninka ya fara yin wannan gwaji. In idonsa na dama ne, to malamin ya yi gaskiya ko da bai san dalili ba: ya koma kafaɗar dama, hannu zai saba cikin 'yan makonni, kuma bindigar da aka ba shi ta dace da shi yadda take. In kuwa ido da hannu duka hagu ne, tilasta masa komawa dama zalunci ne, kuma haɗari ne ga duk wanda ke tsaye kusa da shi. Akwai masu rufe ido ɗaya, akwai masu manna 'yar takarda a gilashin tabarau don su dusashe idon da ke shisshigi, duk suna aiki a filin wasa. Amma mutumin da ke sintiri da dare yana bukatar idonsa biyu.

Batun sayen ƙarfe a aika kuwa, don Allah kada ka fara. Kayan bindiga, komai ƙanƙantarsu, ba tsaraba ba ce da ake sakawa cikin jaka tsakanin dabino da jallabiya. A filin jirgin Jidda ko na Kano, ɗan maɓallin nan na iya kai ka inda ba ka zata ba. Sannan bindigar ta gwamnati ce, ba shi da ikon kwance ta. Abin da zai yi shi ne ya kai kukansa ga jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai, a duba ko akwai mai makulli a sama a musanya masa. Abin da kai za ka iya aikawa, wanda babu dokar da ta hana, shi ne tabarau na kariya irin na masu aikin walda da gini, fari mai ƙarfi. Ɗan hakin da ka raina, an ce shi ke tsone ido, a nan kuwa ba karin magana ba ce, zahiri ce.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba na goyon bayan a juya makulli a ɓoye. Bindigar runduna ba ta mutum ɗaya ba ce. Yau tana hannun wannan, gobe tana hannun wancan. In aka juya maɓallin ba a yi mata alama ba, mai dama zai ɗauka, ya tura shi inda ya saba, yana zaton ya kulle, alhali buɗewa ya yi. Gyaran da ya ceci mutum ɗaya ya zama tarko ga tara. Shi ya sa duk sauyin da ya shafi kunama da makullinta aikin ƙwararre ne mai izini, ba na mai gyaran babur da zarto ba, kuma dole a rubuta, a yi alamar da kowa zai gani.

Bari in koma kan tamu ta gargajiya, don ita ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. Bindigar toka, ko adaka, ko harba-ka-ruga, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Danmak saboda su ne suka yi fice wajen sayar da ita a gaɓar tekun Gana. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki, kuma har yau ba a hawan Sallah sai da su. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware wa irin waɗannan bindigogi da ake ɗurawa ta baki rukuninsu daban, da lasisinsu. In ka shiga gidan tarihin makamai na Fadar Abidin a nan Alƙahira ka dubi tsofaffin bindigogi masu ƙyastu, za ka lura wurin da wuta ke tashi a gefen dama yake, don tartsatsi ya yi nesa da fuskar mai dama. Maƙeranmu sun gaji wannan siffa, suka ci gaba da ita. Bahagon da ya jingina irin wannan a kafaɗar hagu, wutar a gaban idonsa take tashi. A garinmu akwai wani dattijo maharbi, Allah ya jiƙansa, da muka taso muna ganin baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kumatunsa na dama da gefen idonsa, kamar an yi masa zane da allura. Albarushi ne ya shige fata shekara da shekaru. Idon nan kafin ya rasu ba ya gani da shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, a nan ne gyaran ya fi sauƙi. Kamfanin Amurka sai ya sake injuna kafin ya yi ta hagu. Maƙerinmu kuwa ɗaya bayan ɗaya yake yi, da hannu, kuma ya san mai sayen da sunansa da na ubansa. Mutumin da ke tambayar manomi tsawonsa kafin ya sa wa fartanya ƙota, me zai hana shi tambayar maharbi da wace kafaɗa yake harbi? Ba ya tambaya ne don shi maharbin ma ba zai faɗa ba. Kunya yake ji.

Wannan kunya mun san inda ta samo asali. Yaro ya miƙa hagu, a buge hannun. Ladabin ci da sha da gaisuwa da dama abu ne da addini ya koyar, babu mai jayayya, kuma bahago na iya kiyaye shi kamar kowa. Amma mun ɗauki wannan ladabi mun shimfiɗa shi kan komai, har kan riƙon lauje da alƙalami, abin da ba a ɗora mana ba. Malaman tarihi sun siffanta Sayyidina Umar da "a'asaru yasar", wato mai aiki da hannuwansa biyu duka. Kuma ga wani abin dariya da na lura da shi tun zuwana ƙasar nan: a rubutun Larabci da ajami, bahago ne ke da riba, domin hannunsa na gaba, tawada na bayansa, ba ya shafe abin da ya rubuta. Misirawa "ashwal" suke ce masa, su ma sukan tsokane shi, amma in ɗan ƙwallo ne mai ƙafar hagu, to duk ƙasar ta san darajar Muhammad Salah.

Mu ma ai muna da fagen da muka yarda da bahago. A dambe ba a ɓoye shi. Hagun yake naɗewa ta zama mashi, dama ta zama garkuwa, makaɗa su wasa shi, sunan ma ya bi shi har ya rufe na yanka. Duk mai zuwa gidan dambe ya san 'yan wasa nawa ne ake kira Bahagon wane. Babu ubangidan da zai ce wa yaronsa ya naɗe dama don kowa dama yake naɗewa, ya san kashe shi za a yi a turmin farko.

Ga masu sayo wa rundunonin jihohi kayan aiki, in akwai mai karanta wannan a cikinsu ko wanda ke da ɗan'uwa a can, abu biyu nake roƙo. A sa gwajin ido a ranar farko ta horo, minti ɗaya ne ga kowane mutum, a rubuta sakamakon kusa da sunansa. Sannan duk sanda za a yi odar bindigogi, a nemi masu makulli a sama, in ba za a samu duka ba, a samu ko da ɗaya cikin kowace goma, a ware su ga masu harbi da kafaɗar hagu. Shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su ma suna iya yin gwajin a dandali kafin a fita farautar rani.

Masu aiko da tambaya kan sabunta iƙama, na ga saƙonninku, su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.